Ranar da Malam Ya Kira Sunan 'Yar Fari

A danginmu ba a kiran sunan 'yar fari. Haka na taso na gani, haka maigidana ya taso ya gani, da Allah ya ba mu tamu kuma sai muka bi sahu ba tare da wani ya zaunar da mu ya koya mana ba. Ana yaye ta mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna, ta zo ta goya ta ta tafi da ita garinsu. Daga ranar sunanta a bakinmu ya koma "ta wajen Inna". Ita ma ta rama, don har yau Anti take ce mini. Mahaifin nata kuwa ya fi ni iya wannan kunya nesa ba kusa ba. Idan baƙo ya yi kuskuren tambayarsa sunanta, sai tari ya sarƙe shi, ya nuna ni da haɓa, ni kuma in nuna ƙaninta, shi yaron ya faɗa.

Da karatu ya kawo mu Kuala Lumpur, shi digiri na uku a kan ƙasar noma, ni na biyu a kan koyarwa, da ƙananan yaranmu biyu muka taho. Ita muka bar ta a makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan garin Inna. A shekarar da nake ba da labari tana ajin ƙarshe, jarrabawar fita ta matso, an kuma naɗa ta shugabar ɗalibai. Son da take wa makarantar nan har haushi yake ba ni. In an yi hutu ta kira ni, hirarta ba ta wuce ɗakin kwanansu da malamar lissafinsu da fulawowin da suka shuka a bakin ofis.

Ni kuwa tsoro nake ji, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Duk ranar da labari ya zo daga gida cewa 'yan bindiga sun shiga wata makaranta sun kwashi yara, abinci ba ya shiga cikina. Abu ɗaya ne yake kwantar mini da hankali, wato dokar da Inna ta kafa tun ranar da muka hau jirgi. Ta ce kada a kuskura a bari wani ya san iyayen yarinyar nan suna ƙasar waje, domin masu satar mutane 'ya'yan irinmu suke fara lalube, su a ganinsu duk wanda ya tsallaka ruwa shebur yake sawa ya kwashi arziki. A makaranta jikar tsohuwa mai daddawa aka san ta. Ko tsarabar da muke aikawa sai Inna ta cire ta daga ledar nan mai ƙyalli ta ƙulle a tsohon ɗankwali kafin ta kai mata.

To ana nan sai siyasa ta ciji Malam. Haka nake kiransa, Malam, amma abokansa a nan tuni suka koma Honorabul, shi kuma yana cewa su bari yana murmushi har kunne. Niyyarsa yana kammala karatu ya koma gida ya nemi kujerar majalisar jiha. Mai neman kujera kuwa dole ya sami abin da za a san shi da shi, shi kuma ya duba ya duba ya zaɓi tsaron makarantu. Maganinsa guda ne tak: a bai wa malaman makaranta bindigogi.

Gidanmu yana hawa na can sama a unguwar Wangsa Maju, barandarsa 'yar ƙarama ce, shanya ta cinye rabinta. Nan Malam ya mayar dandalin gwaji. Da safe in na dawo daga raka yara makaranta, sai in tarar da shi tsaye tsakanin zanin gado da wandunan yara, yana yi wa jirgin ƙasa na LRT da ke wucewa ta ƙasanmu jawabi. Daga kicin na haddace dabarunsa kaf. Da murya ƙasa ƙasa yake farawa, kamar mai gaisuwar mutuwa. Sai ya jefa tambayar da ba ta da ƙofa sai biyu: ko dai a ba malami bindiga, ko kuma a miƙa wa ɓarayi mukullin makaranta, wanne kuka zaɓa? Daga nan sai ya kawo alƙaluma, waɗanda na lura suna girma daga Litinin zuwa Alhamis. In ya zo ƙarshe sai ya ɗaga yatsa ya ce duk wanda bai yarda da shi ba, to a bincike shi, wataƙila yana da rabo a kuɗin fansa.

Wata rana na leƙo da ludayi a hannu na ce, "Malam, wai kai ka taɓa riƙe bindiga kuwa?"

Ya ce, "Ba wannan ne point ɗin ba."

Na ce, "Na ga da layya ma maƙwabci kake miƙa wa wuƙa ka juya baya."

Ya ce, "Ke matsalarki ba ki san policy ba. Shi mai tsara policy ba shi yake aiwatarwa ba."

Na koma kan miyata. Amma duk ranar tunanin malamar lissafin nan nake, wadda yarinyar ta ce tana sa tabarau biyu in za ta duba littafi, wai ita ce za a rataya wa bindiga a kafaɗa.

Abokin karawarsa amininsa ne, wani ɗan'uwanmu da ke zaune a unguwar Setapak yana karatun shari'a, shi ma yana da kujerar da yake hange a tasu jihar. Shi ya ɗauki ɗaya ɓangaren, kuma in gaskiya za a faɗa bai fi Malam tsarki ba. Ranar Asabar mukan haɗu da iyalinsa a wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi masu shayi da roti, wata irin gurasarsu, mu mata a tebur ɗaya da yara, su a na kusa. Kafin shayi ya iso sun fara.

Mutumin Setapak ya ce, "Wato kai so kake a ƙwace alli daga hannun malami a ba shi harsashi. Yaro ya kasa karatu a harbe shi ke nan."

Malam ya ce, "Yaushe na ce haka?"

"Ba ka faɗa ba, amma can maganarka ta nufa. Kuma duk mai wannan ra'ayi a duba shi da kyau, akwai dillalin makamai a bayansa."

"Kai kuma so kake a zauna a naɗe hannu, in sun zo a karanta musu sashe na kaza na dokar ƙasa!"

Haka za su yi ta yi, kowa yana ɗinka wa ɗan'uwansa rigar da bai auna ba yana kuma zaginsa don ta yi masa muni. Rabin maganganun nasu ma ba nasu ba ne. Muhawarar Amurkawa suke kallo a waya, su kwaso jimlolin can su sa musu hula. Ranar nan har Malam ya yi ta kare 'yancin ɗan ƙasa na mallakar makami da wani sashe na tsarin mulki, sai da matar amininsa ta tambaya daga teburinmu ko tsarin mulkin wace ƙasa ake nufi. Mai kawo shayi, da ya ga jijiyoyin wuya sun tashi, ya matso a tsorace ya ce, "Boss, okay ah?" Su biyun suka juyo da fara'a suka ce, "Okay lah," Malam ya ƙara da cewa a yi masa tapau, wato a ƙunshe masa roti biyu zai tafi da su gida. A mota ɗaya muka koma, suna ta yaba wa juna.

Abin da ke ba ni dariya shi ne garin da ake wannan yaƙi. Tun zuwanmu ban ga bindiga ba sai a hannun mai gadin banki, shi ma gyangyaɗi yake. Makarantar ƙananan yaranmu wani dattijo ne a ƙofa da usur da gorar shayi. A nan, cikin wannan kwanciyar hankali, ƙarƙashin fanka, mazajenmu suke raba wa malaman ƙauye makamai suna karɓewa.

Sai ƙungiyarmu ta ɗaliban arewa ta ce tunda abin ya yi zafi, a shirya muhawara sosai. Aka kama zauren taro da ke ƙasan gininmu ranar wata Lahadi bayan azahar. Mu mata muka yi tuwon shinkafa da miyar kukar da kowa ya ciro daga ajiyar da ya zo da ita daga gida, muka zauna a baya kusa da kuloli. Samarin kwaleji suka cika gefe da wayoyinsu a sama. Ruwan la'asar ya sauko kamar yadda ya saba, har sai da aka ƙara murya a lasifika.

Mutumin Setapak ne ya fara, kuma ranar ya shirya. Ya sa aka ɗago masa ƙaramar 'yarsa, ya riƙe hannunta, ya ce jama'a su kalli wannan fuska su gaya masa ko za su so ta zauna a aji ɗaya da bindiga mai ɗauke da harsashi. Yarinyar tana tsotsar alewa ba ta san ma ana yi ba. Zaure ya ɗauki tafi, wata a kusa da ni har da share ido. Na hango Malam a kujerarsa yana gyara hula, na san an taɓa shi inda ba ya so, domin wannan dabarar ba ta cikin waɗanda ya gwada a baranda.

Ya miƙe ya yi ƙofofinsa biyu, aka ɗan tafa. Ya kawo alƙalumansa, wani daga baya ya ce a ina ya samo su, aka yi dariya. Na ga zufa ta keto masa. Sai ya ajiye takardar hannunsa ya ce:

"Abokina ya nuna muku 'yarsa, tana nan lafiya a Kuala Lumpur tana shan alewa. Ni tawa 'yar ba ta nan."

Sai ya kira sunanta. Cikakke, har da nasa a haɗe.

Wallahi ji na yi kamar an zare mini zani a kasuwa. Tun ranar suna ban taɓa jin wannan suna a bakinsa ba. Matan da ke gefena suka juyo gaba ɗaya suna kallona, matar amininsa ta rufe baki da mayafi tana cewa, "Lallai siyasa ba ta da kunya, yau Honorabul ya fasa ƙwai!" Ni kuma na sunkuyar da kai cikin kular tuwo ina jin kunnuwana suna zafi.

Shi kuwa da ya ga zaure ya yi tsit, sai ya ƙara wuta. Ya faɗi sunan makarantar da garin. Ya ce mai gadi ɗaya ne, tsoho, da sanda. Ya ce katangar bayan ɗakunan kwana ta zube tun damina, ta ɓangaren da ke kallon daji, ko akuya tana tsallakawa. Ya ce shi uba ne da ke nan wata uwa duniya yana karatu, 'yarsa shugabar ɗalibai tana kwana a bayan wannan katanga, wa zai kalli idonsa ya ce kada a ba malamanta abin kare ta? Muryarsa ta karye, kuma na san wannan karon ba gwaji ba ne, da gaske yake jin abin. Zaure ya tashi tsaye. Samarin kwaleji suna ihu, "Honorabul don finish am!" Aka ba shi nasara, aka ci tuwo, amininsa ya rungume shi ya ce ya yi masa shigar sauri.

Kafin mu gama wanke kuloli bidiyon ya bar Malesiya. Washegari Malam ya wuni da waya a hannu yana karanta mini yabo. Wani ya ce ga shugaban da ake jira, wani ya ce ya yi kuka. Ni har lokacin fushina na kunya ne. Na ce masa, "Yanzu da wane ido za ka kalli Inna?" Ya ce Inna ba ta kallon bidiyo.

Inna ba ta kallon bidiyo, amma jikokin maƙwabtanta suna kallo. Ranar Laraba muna cin abincin rana, lokacin su can sun idar da sallar asuba ke nan, wayarsa ta yi ƙara. Ya ga ita ce ya ajiye cokali ya gyara zama, ya buɗe muryar wayar don mu gaisa gaba ɗaya.

"Inna, ina kwana? An tashi lafiya?"

Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce, "Kai ne a cikin wayar nan da ake ta nuna mini?"

"Eh Inna, wani ɗan taro ne muka yi na..."

"Kiran sunan da ka yi, wannan tsakaninka da kunyarka ne, in ka ga dama ka sa a rediyo. Abin da nake tambayarka, wa ka yi wa kwatancen? Ka faɗi gari, ka faɗi makaranta, ka faɗi inda katanga ta faɗi, ka faɗi cewa ubanta yana ƙasar waje. Me ka rage musu? Sai dai ka aiko musu da kuɗin mai."

Ni kuwa sai a lokacin abin ya sauko mini. Shekarun da tsohuwar nan ta yi tana ƙulle tsaraba a ɗankwali, ɗanta ya kwance su a zama ɗaya don a tafa masa.

Inna ta ce jiya shugabar makaranta ta aiko a kira ta. Baƙin fuska biyu sun zo bakin ƙofa a kan babur suna tambayar mai gadi ko nan ne makarantar 'yar mutumin Malesiya. Wataƙila 'yan son gani ne, wataƙila ba su ba ne, ba wanda zai iya rantsuwa. Shugabar ta ce ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba, a zo a tafi da yarinyar, in lokacin jarrabawa ya yi a san yadda za a yi. Inna ta ce yau za ta je ta ɗauko ta, kuma ba gidanta za ta kai ta ba, birni za ta kai ta wajen ƙanwarsa. Ta kashe wayar ba sallama.

Abin da na gaya wa Malam a ranar ba zan maimaita shi a nan ba, don yara sun girma suna karatu. Na dai san maƙwabciyarmu Bamalayiya ta ƙwanƙwasa ƙofa ta tambaya ko lafiya. Malam ya ɗauki wayarsa. Ya zauna yana kiran samarin nan ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su goge bidiyon, su kuma suna cewa, "Sir, e don go far." Amininsa ya zo da yamma, ba wasa a fuskarsa, suka zauna a falo kamar masu zaman makoki. Shi ne ma ya ce, a hankali, da bai ɗago tasa 'yar ba da abin bai kai haka ba. Na kawo musu shayi na dangwarar, ban ce wa kowa sannu ba.

Kwanaki yarinyar ta ƙi karɓar waya. Ƙanwar Malam ta ce tana ɗaki da littattafanta, ba ta kuka a gaban mutane, amma ba ta cin abincin kirki. An naɗa wata a matsayinta na shugabar ɗalibai. Ni hankalina ya ɗan kwanta tunda tana birni a bayan ƙofa mai sakata, kuma ba zan yi ƙarya ba, har hamdala na yi. Malam ma ya fara dawowa hayyacinsa, har na ji yana gaya wa wani a waya cewa Allah ya sa abin ya zama alheri, an fitar da ita daga haɗari.

Wata ranar Juma'a bayan ya dawo daga masallaci ya huta, wajen la'asar, sai ga kira daga wayar ƙanwarsa. Muryar yarinyar ce. Ta gaishe ni, ta tambayi ƙannenta, sannan ta ce, "Anti, Abba yana kusa?"

Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya fara jero abin da ya tanada: ta yi haƙuri, don kare ta ya yi, za a nemo mata mai koya mata lissafi a gida, jarrabawa ba za ta wuce ta ba, in sha Allah ma ita ce za ta fi kowa. Ta bar shi har ya gama. Yarinya ce mai ladabi, Inna ba ta yi wasa da tarbiyyarta ba.

Sannan ta ce, "Na gode, Abba. Ni ai ina lafiya. Amma 'yan ɗakinmu fa? Su iyayensu ba su da wani birni da za su kai su. Kuma katangar da ka faɗa har yanzu ba a gyara ba, gadajensu ne a jikinta."

Malam ya ce, "To..." bai ƙara komai ba.

Ta jira shi. Ina jin numfashinta ta cikin wayar, ina jin ƙarar yaran gidan suna wasa a tsakar gida can nesa. Da ta ga shirun ya yi yawa sai ta ce, "Abba, ko layin ne ya yanke?"

Layin bai yanke ba. Na karɓi wayar daga hannunsa na ce mata muna jin ta.